Hular da Ba Ta da Zare

Ran Litinin ma'aikatan gwamnati suka zo da jan fenti suka zana gicciye a bangon gidanmu na Adjamé Liberté. Ba namu kaɗai ba, layin ne gaba ɗaya, tun daga shagon mai gyaran firji har famfon da mata ke jera bokitai. Wai za a faɗaɗa hanya. Kwana goma aka ba mu, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda katafila ke aiki a Abidjan ya san kwana goman ma an yi mana kara. Kafin Laraba maƙwabta sun fara ɓalle ƙofofi da kwanon rufi suna lodawa a amalanke. Mutum ɗaya ce ta ce ba inda za ta, ita ce mahaifiyata.

Inna Fadimatu ta haura saba'in, idanunta sun rufe shekara shida ke nan, amma taurin kanta yana nan garau. Na kama mata ɗaki kusa da ni a Treichville, ta ce a'a. Na tuna mata danginta na Madawa can Nijar sun daɗe suna roƙon ta koma gida ta huta, ta ce su ci gaba da roƙo, ai bakinsu ne.

"In na tashi nan, ina Rabilu za shi iske ni?" in ji ta. "Ƙofar ga ita ya sani."

"Inna, ai ƙofar ce za su tafi da ita."

"To su tahi da ita. Ƙasar dai ba su ɗauke ta."

Rabilu ƙanena ne. Shi ne na huɗu a wurinta, biyun da ke tsakaninmu ba su yi tsawon rai ba. Ya ɓace a watan Maris na 2011, lokacin rikicin bayan zaɓe, sa'ad da samari suka datse tituna da benci da tsofaffin tayoyi suna tambayar mutum katin shaidarsa da garin kakansa. Labarin da kowa ya sani daga bakina ya fito: da safen ranar ya zo rumfata, ya bar hularsa a wanke masa, na raka shi tashar motar Gare de Bassam, ya ce zai nemi motar da za ta kai shi bakin iyakar Gana ya zauna har abubuwa su lafa. Haka na gaya wa Inna, haka na gaya wa liman da duk wanda ya tambaya. Ban taɓa jin ƙarya nake yi ba. In na rufe ido har rigar da ke jikinsa a tashar nake gani, ruwan toka, bakin aljihunta ya ɗan yage.

Masu tambayar ma ba su yi yawa ba. Da aka daina harbi, dattawanmu suka tara mu bayan Juma'a suka ce mu baƙi ne, kasuwa ta kawo mu, wanda ya rasa wani ya yi haƙuri ya yi addu'a, kada kowa ya ɗauki sunan ɗan'uwansa ya kai wani ofis ya jawo wa jama'a ido. Kowa na da takardar zama da zai sabunta, kowa na da rumfa. Sai muka yi shiru. Mun ƙware a shirun nan har na san mutum uku a masallacinmu da suka rasa 'ya'ya a mako ɗaya, sahu ɗaya suke tsayawa shekara goma sha uku, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa uffan a kai. Jifa-jifa sai wani ya zo ya ce an ga Rabilu a Kumasi yana sayar da agogo, ko a Lome wai har ya yi ƙiba. Inna ta riƙe kowane labari, ta sa a dafa wa mai kawo shi shayi.

Ni sunana Kailu, ko da yake ba a bakinta za ka ji shi ba. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa 'yar gargajiya ce ta gaske. "Kai", "wannan", in ta tashi da fara'a kuma "mai hula". Ba ta taɓa dafa kaina a gaban mutane ba. Sunan Rabilu kuwa da shi take buɗe baki kowace safiya bayan ta idar da salla, ta fito tsakar gida ta kira shi sau ɗaya, kamar yadda take yi da can in ya yi nauyin barci. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Jula sun saba har ba sa juyowa. Na ji kishin kiran nan tun mai sunan yana amsawa, kuma ban daina ba don ya ɓace. Abin kunya ne ga mutum mai furfura, amma gaskiyar ke nan.

Wankin hula nake yi. Na gaje shi daga mahaifinmu, Malam Abdulwahid, a rumfar da ya kafa bayan Gare de Bassam tun kafin a haife ni. Ga mai kallo aikin ba wani abu ba ne: ka jiƙa, ka goga da burushi, ka sa sitaci, ka ja ta a kan katako daidai lambar kan mai ita, ka buga, ka jera a rana. Wuyar ita ce kada ka ba Alhaji wane hular Alhaji wane, don attajiran Treichville za su iya yafe maka zagi amma ban da wannan. Baba bai yi boko ba, sai ya ƙirƙiro tasa dabarar. Duk hular da ta shigo, kafin ta taɓa ruwa sai an ɗinka mata zare a ciki ta wajen ƙeya, kowane mutum da launinsa da yawan ƙullinsa. Alhaji Badaruddeen mai shigo da shinkafa, alal misali, kore ne ƙulli biyu. Ranar da mai hula ya karɓi abarsa, a sa reza a yanke zaren a gabansa. Ko hular Baba ce da kansa sai an ɗinka mata. Inna ce ta yi wannan ɗinki shekara ashirin da wani abu kafin ni in karɓa.

Hular Rabilu tana kan katako mai lamba ashirin da ɗaya da rabi, can ƙarshen layi. Ƙaramin kai gare shi, ba wanda katakon ya yi wa daidai cikin masu kawo mini wanki, sai na bar mata shi. Kube ce shuɗiya mai aikin fari. Kowace Alhamis nake wanke ta tare da hulunan Juma'a, kuma a nan ne abin da ya daɗe yana ci mini rai yake. Hular da ba mai sa ta, amma kowane mako sai in tarar ta yamutse, gefenta ya yi duhun gumi. Na zargi ɓera, na zargi danshin garin, na zargi 'yan tasha. Har turare na karɓo wurin wani malami na yi wa rumfar hayaƙi, ban gaya wa kowa ba.

Ran Juma'a, saura kwana shida katafila ta zo, Inna ta ce in kawo mata hular.

"In sun rushe gidan, kan tarkacen zan zamna da ita a hannu. Ko bai gane wurin ba ya gane hularshi."

Na ce dokar Baba ce hula ba ta barin rumfa sai mai ita ya zo. Ta ce ita ta haifi mai hular, ita kuma ta auri mai dokar. Na ce gobe zan kawo.

Washegari da hantsi ina zare hular daga katako, sai Yazid mai garba ya leƙo. Shekara tara rumfarsa na jingine da tawa, yana sayar da aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, abincin da a nan ake kira garba. A Treichville aka haife shi, Hausarsa rabi ce, sauran rabin Faransanci da duk abin da ya zo bakinsa, ni ma vieux père yake ce mini, wato dattijo.

"Yau kuma tun da safe, vieux père? Ai midi bai yi ba, rana ba ta take ba."

"Me ya haɗa ni da midi?"

Ya koma kan kaskonsa yana juya kifi. "Kullum in rana ta take, wajen ɗaya saura, kana tashi ka fizge hular nan ka cusa a poche. Ka tsaya nan bakin rumfa kana kallon ƙasa, hannu a aljihu. Cinq minutes, minti biyar, wani lokaci goma. In client ya yi maka magana ba ka ji. Après ka mayar da ita ka koma aikinka." Ya ɗago ya dube ni. "Na ɗauka wani wuridi ne naka. Shi ya sa ban taɓa tambaya ba."

Na ce masa hayaƙin mai ya fara taɓa masa kai. Har dariya na yi. Amma da na duba ledar da na ɗauko don hular, babu komai a ciki. Hular tana aljihun wandona na dama, a dunƙule, hannuna a kanta.

In za ni wurin Inna nakan sa direban tasin woro-woro ya sauke ni tun kafin wata mahaɗa da ke bakin shiga Adjamé, in kutsa ta layin masu atamfa a kasuwa, in yi zagayen da ya ninka tafiyar biyu. Cunkoso nake gudu, haka nake ce wa kaina, mutumin da ke shiga tsakiyar kasuwar Adjamé wai don gudun cunkoso. Ranar ma haka na yi, 'yan amalanke na yi mini tsawa in kauce.

Na tarar da Inna a kan tabarma a tsakar gida. Gidan da ke jikin namu ba rufi, ana ta bugun ƙusa ana zare katako. Na durƙusa na sa mata hular a hannu. Ta sunsuna ta ce sitaci ya yi yawa. Daga nan ta kife ta, yatsanta ya tafi wajen ƙeya da kansa, irin na wanda ya yi aiki ɗaya shekara ashirin. Ya zagaye cikin hular sau ɗaya. Ya sake zagayewa.

"Ina zaren?"

"Wane zare, Inna?"

"Ja ne nashi, ƙulli guda. Ni na zaɓa mishi."

"Wataƙila wanki ya cinye shi."

"Ƙullin gidanmu? Sai dai hula ta mutu ta bar shi." Ta tsayar da yatsan wuri ɗaya. "Ga hujin na da nan, inda reza ta yanke. An wanke ta, ya karɓa, ya sa a kai. Hular ga ba wanki aka kawo ta ba." Ta ɗago fuskarta saitin numfashina. "Daga kanshi ta fito. Wa ya cire ta?"

Fiye da sau ɗari shida na juya cikin hular nan da hannuna. Ni da ko a cikin barci ba zan tsoma hula a ruwa ban laluba ƙeyarta ba, ban taɓa lura ba. Na buɗe baki in sake kawo mata zancen Gare de Bassam, sai na ji warin fetur, sosai, kamar an zuba a tabarmar. Na dubi ƙasa ban ga komai ba. Sai na ji muryata tana magana.

Ba mu je Gare de Bassam ba. Tashar ma a rufe take ranar, ko mota ɗaya babu. Kwana huɗu ba mu ji daga Inna ba, waya ba ta shiga, sai muka ɗauki ɗan buhun shinkafa da maganinta na hawan jini muka taho Adjamé a ƙafa. Ni na sa wandon jins da 'yar shara, kaina a buɗe. A nan aka haife ni, a nan na tashi, in na yi magana ba mai cewa ba ɗan gari ba ne. Rabilu kuwa wurin kaka ya girma a Madawa, bai dawo ba sai da ya zama saurayi, Faransancinsa da nauyi, ga shi ɗan gayu, ko banɗaki da hula yake shiga. Na ce ya bar ta a rumfa, ya ce in ba ita ji yake kamar tsirara yake. Muna shan kwanar mahaɗar nan muka ga shingen, ya yi kusa da yawa, juyawa ta fi wucewa haɗari. Na fizge hular daga kansa na cusa a aljihu, na ce ya ja baya taku uku kamar ba tare muke ba. A lokacin gani nake na yi dabara.

Ni suka fara tarewa. Na ce an sace mini kati, na faɗa da bakin 'yan Treichville, na haɗa da ashar ga ɓarawon. Suka yi dariya suka ce in wuce. Sai suka zo kan Rabilu. Abin da mai wankin hula ya kamata ya fi kowa sani shi na manta: kan da ya shekara goma sha biyar a cikin hula yana da shati. Ga layi nan a goshinsa, samansa ya fi ƙasansa haske, ga zoben gumi sabo fil. Wani mai ɗaure da ƙyalle a kai ya sa yatsa ya bi layin daga kunne zuwa kunne, a hankali, yana murmushi. Daga nan ya kira ni.

"Tu le connais?" Wato ko na san shi.

Na ce, "Non."

Rabilu ya dube ni. Bai daɗe ba. Ya mayar da idonsa kan mai ƙyallen, ya ce da Faransancinsa mai nauyi shi ma bai san wannan mutum ba, a hanya kawai muka haɗu. Na ga jarka rawaya ta fetur. Na ga taya a hannun wani. Aka ce mini in kama gabana, na kama, da shinkafa a kafaɗa. Ɗaya saura ne, rana ta take. Ban waiwaya ba. Warin ne ya biyo ni har ƙofar gida. Inna ta ce ina Rabilu, na buɗe baki, tashar mota ta fito, da rigar ruwan toka da komai, kuma tun daga ranar ita kaɗai nake gani.

Duk wannan a bayyane na faɗe shi, a durƙushe, ina kallon gefen tabarma. Tsoro nake ji irin wanda ban ji ba ko a gaban shingen. Na so ta yi kuka, ko ta tsine mini, wani abu dai da zan san inda na tsaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Masu zare katako suka ci gaba da bugunsu.

"Shinkafar da na dafa ran nan," ta ce can, "ita ce?"

"Ita ce."

"Ka ci?"

"Na ci."

Ta ninke hular biyu ta lalubo takalmanta. "Kai ni wurin."

Tafiyar minti goma ce in ba ka zagaya ta kasuwa ba. Ta riƙe gefen rigata, ba hannuna ba. Mahaɗar na nan yadda na bar ta, sai dai an yi wa titin sabuwar kwalta. Inda benci yake a da, yanzu wata mata ce ke soya aloko, wato ayaba, a ƙarƙashin laima, ga mai sayar da katin waya a gefenta yana jin kiɗa. Motoci na ta hon.

"Ina ya tsaya?"

Na kai ta daidai bakin kwata na tsayar da ita.

"Kai fa?"

"Taku uku gaba."

"Tahi ka tsaya can."

Na je na tsaya. Hannuna ya tafi aljihu bai sami komai ba. Inna ta warware hular ta ɗaga ta daidai tsayin kan mutum. Shekara talatin ta sayar da goro a kasuwar Adjamé, tana da ɗan Faransancinta na ciniki, amma ban taɓa jin ta yi shi da ni ba sai ranar.

"Tu le connais?"

"Inna, mutane na kallo."

"Ran nan ma suna kallo. Tu le connais?"

Na ji kamar in na buɗe baki tashar motar ce za ta sake fitowa. Na dubi hular a sama, ba kai a cikinta.

"C'est mon petit frère," na ce. Ƙanena ne.

Mai aloko ta dakata da juya kaskonta. Ta dubi Inna, ta dubi hular, ta dube ni. "Qui ça, tonton?" Wa nake nufi.

"Rabilu Abdulwahid," na ce mata da Hausa, ko ta ji ko ba ta ji ba. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Nan aka kashe shi."

Ta sunkuyar da kai ta rage wutar murhunta. Ba zan iya cewa ta san wani abu ba, wataƙila ita ma tana da nata. Inna ta sauke hannu ta ɗaure hular a bakin zanenta. A hanyar komawa abu ɗaya ta ce, in gaya wa liman, kuma in faɗa masa yadda na faɗa mata, kada in rage. Na je na faɗa. Liman ya dubi carbinsa ya ce za a yi addu'a bayan la'asar, sannan a hankali ya tambaye ni ko za a iya haɗawa da sunan nasa ɗan da ya rasa a rikicin.

A gidan na kwana. Da gari ya waye ina zaune a bakin ƙofa, na ji ta idar da salla ta fito tana laluben bango. Ta tsaya a tsakar gida, daidai inda take tsayawa. Matar maƙwabcinmu da ke ɗaure tukwane a buhu ta tsaya cak, ita ma jira take. Inna ta buɗe baki ta rufe. Ta kai hannu kan ƙullin zanenta.

"Kailu."

Shekara hamsin da ɗaya ina jiran in ji sunan nan a bakinta, ban taɓa zaton zai zo mini da nauyi haka ba. Ba ta da wani da za ta kira ne kuma, ni da ita duk mun san dalili.

"Na'am, Inna."

"Ɗauko guduma ka ɓalle ƙofar."